Gafakar Malam Inuwa

Tun a cikin Keke Napep Balaraba ta san ba alheri ne ya sa Tijjani ya kira ta Unguwar Rimi ba. Ƙanen nata sai Sallah yake tuna yana da yaya a Rigasa, amma yau har sau huɗu ya buga waya.

Wata bakwai ke nan ba sa ga-maciji, kuma a kan gafakar mahaifinsu ne, marigayi Malam Inuwa. A cikinta akwai waƙa ɗaya tilo da Malam ya rubuta da ajami, warƙa arba'in, a kan itatuwa da tsuntsayen bakin rafin Rigasa, tun kafin gine-gine su cinye wurin. Da hannunsa ya haɗa tawadar, da bagaruwa da ƙaro. Shi ya koya wa Balaraba adana ta: kowace shekara kafin ruwan farko a fito da takardun su sha iska a inuwa, a zubar da tsohon ganyen dogon yaro, a jera sabon busasshe a tsakaninsu saboda gara da asu. Shekara goma sha tara tana haka, ko gefe ɗaya bai gutsire ba.

Sai ga Tijjani ran nan, da takalmi sau-ciki da ƙamshin turaren ofis, ya buɗe gafaka ya ga ganye. Ya yatsine fuska ya ce, "Haba Yaya, tarihi guda kike cusa wa shara? Wannan ai ƙauyanci ne." Ya kakkaɓe ganyen a tsakar gida, ya ce wani malamin jami'a zai buga waƙar a littafi, kuma shi ne ɗa namiji. Ta yi masifa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya sa gafaka a mota ya tafi abinsa.

Yau da ta shiga falonsa ko zama ba ta yi ba. Ga wani ƙunshi a kan tebur, leda uku cikin juna, an ɗaure bakinsu tamau.

"Mene ne wannan?" ta tambaya.

"Don kada ruwa ya taɓa su na sa a leda," in ji Tijjani, yana kallon ƙasa. "A sito na ajiye, jikin bango."

"Duk damina?"

Ta yage ledar da farce. Warin rima ya daki hancinta. Takardun sun yi gumi sun manne da juna kamar wainar da ta kwana, funfuna ta yi musu kore-kore. Ta ɗaga warƙar farko a hankali, rabi ya biyo hannunta, rabi ya zauna. Tawadar ta narke ta zama dabbare-dabbare, ko harafi ɗaya ba ya karantuwa. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. A ranta ta ji ta tsani yaron nan da ta goya a bayanta.

"Takarda numfashi take yi, Tijjani! Ka toshe mata hanci wata bakwai. Duk bokon naka bai gaya maka ba? Ganyen da ka kira shara shi ya riƙe ta, kai da digirinka ka kashe ta a damina ɗaya."

"Ya isa, Yaya, a gidana kike."

"Gidan naka da ya ci rubutun ubanmu? Allah wadaran wannan gida!"

Ya haɗiye maganar, don yana da buƙata. Ya ciro waya ya ajiye a gabanta. "Gobe malamin zai zo. Ke ai kin haddace. Ki karanto in ɗauka, sai a sake rubutawa."

Ta so ta ƙi, don ya ji kunya a gaban baƙonsa. Amma waƙar ta Malam ce, ba ta Tijjani ba. Ta juya masa baya, ta fara da muryar da Malam yake rerawa:

"Kanya da ɗinya sun tsaya gaɓar ruwa,
Tsada tana baya, gawo na yi musu gadi."

Baiti na bin baiti. Ta wuce marke, ta wuce ɗorawa da mata masu roron kalwa, ta shigo kan tsuntsaye, ta yi zalɓe, ta yi carki. Da ta zo kan shamuwa ta faɗi layin farko, na biyun ya ƙi zuwa. Ta koma baya ta sake tahowa da sauri, ta sake tsayawa a nan.

A lokacin ta gane. Warƙa goma sha biyu kawai ke kanta. Sauran karantawa take yi duk shekara in ta shanya su, ba ta taɓa zama ta haddace ba. Me zai sa ta haddace abin da ke hannunta? Malam ya rasu, abokansa da suka ji waƙar sun bi shi, rafin ma ya zama kwata. Babu wanda za a je a tambaya.

Wayar na ta ɗaukar shiru. Tijjani ya matso.

"Ci gaba mana, Yaya."

Ta share ido da bakin mayafi, ba ta juyo ba.

"Kashe wayarka," ta ce. "Iyakarta ke nan."