Muryar Jar Motar Baba

Auta ya sake zagaya injunan nan biyu da aka ɗora a kan tsofaffin tayoyi, hannunsa a aljihu yana ta murza waya. Dogo makanike ya gaji da kallonsa, ya jefar da tsumman hannunsa a kan benci.

"Ranka ya daɗe, zagaye dai ba zai zaɓa maka ba. Wanne za mu ɗora?"

Jar motar tana gefe, bonet a buɗe, cikinta wayam. Motar tsere ce mai ƙofa biyu, Baba ne ya haɗa ta da hannunsa tun Auta yana firamare, zamanin da yake shiga gasa. A makon jiya injinta ya buga a tsakiyar titi, fistan ya fasa gefe, baƙin mai ya malale a kwalta. Amma ba asarar injin ce ta hana Auta sukuni ba.

Tun da ciwon mantuwa ya kama Baba, ya daina gane fuskoki. Yaya, babbar 'yarsa da ke jinyarsa, nas yake ce mata. Sai dai duk yamma, da zarar jar motar ta shigo layi tana dukur-dukur kamar za ta mutu, tsohon zai ɗaga kai ya ce, "Ga Auta nan, a buɗe masa." A lokacin ne kawai yake yarda ya ci abinci sosai ya sha magani. Yanzu da Auta yake zuwa a tasi, sai Baba ya dube shi cikin ladabi ya ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" Tambayar nan ta fi komai ci wa Auta rai.

"Dogo, ni ba gudu nake nema ba," in ji shi. "Muryarta nake so ta dawo, sak yadda take."

Dogo ya sunkuya ya ɗauko wani dogon ƙarfe mai ƙulli-ƙulli da ya ciro daga tsohon injin Baba. "Mutane suna zaton salansa ce ke ba ta murya. Ga mai muryar nan, kamshaf. Ka ga tozayen nan? Su ke danna bawul ya buɗe. Na Baba manya ne, suna barin bawul ya daɗe a buɗe. Shi ya sa take tari in tana tsaye, in ka taka ta kuma sai dai a hango ƙurarta."

"To ka mayar da shi mana."

Dogo ya juya ƙarfen ya nuna masa. Tozo ɗaya ya cinye ya zama sumul, ga wata tsaga siririya ta bi ta gefensa.

"Wancan injin na hagu sa'an na Baba ne," Auta ya ce da sauri. "Gida ɗaya suka fito. Shi za mu ɗauka."

Dogo ya kwance murfin mai ya miƙa masa. Wani farin kumfa ne manne a ciki kamar lalatacciyar madara.

"Ruwa ya shiga mai. In na ɗora maka wannan, kafin wata ya ƙare kana nan kana zagina. Na dama kuwa yaro ne, lafiyarsa ƙalau, amma kamshaf ɗin da ya zo da shi na masu zuwa ofis ne. Ko a ƙofar asibiti ka tayar da shi ba wanda zai waiwayo."

Wayar ta yi ƙara. Yaya ce.

"Auta, ina kake ne? Tun safe cokali biyu kawai Baba ya ci. Ya tofar da maganin hawan jinin, wai ba ya karɓar abu a hannun baƙi. Ya sa na kai masa kujera bakin ƙofa, yana ta tambaya ko ka yi hatsari ne ake ɓoye masa."

"Ki lallaɓa shi, Yaya, ana kan aikin."

"Kullum ana kan aikin! Likita ya ce in ya ci gaba a haka sai dai a kwantar da shi a sa masa ruwa. Ka san kuma yadda yake fizge allura."

Ya kashe wayar, ya juya wajen Dogo. "In aka sa wa na dama wani kamshaf mai manyan tozaye fa?"

"Akwai shi, zai shiga. Amma ka ji da kunnenka: za ta sha mai, za ta riƙa mutuwa a cunkoso, birki kuma zai yi tauri, don injin ba zai ja iskar da ke taimaka masa ba. Sai na ƙara mata wani ɗan famfo. Duk da haka ban yi maka alkawarin murya iri ɗaya ba. Kusa dai."

"Sa shi."

Aikin ya ci kwanaki, Auta kuma ya zama ɗan garejin ƙarfi da yaji. Daga ofis nan yake wucewa da rigar aikinsa, ya tsaya a kan Dogo har sai an kore shi gefe. Ranar da aka tayar da injin, ya rufe ido ya kasa kunne. Tana dukur-dukur, ba shakka, amma akwai wani kaifi a ciki wanda tsohuwar ba ta da shi. Ko kuwa tsoronsa ne kawai? Ya zagaya layi ya dawo, da zai kashe ta sai ƙafarsa ta zuga totur sau biyu.

"Kai!" Dogo ya daka masa tsawa. "Sabon inji ne fa! Wane ne ya koya maka zuga mota kafin ka kashe?"

"Ba wanda ya koya min. Tun ina koyon tuƙi Baba yake min faɗa a kai, har ya gaji."

"To ni ban gaji ba. Ka daina."

Auta ya yi alkawari, ya kama hanyar gida. A kowace danja yana jin birkin da ɗan nauyi, yana jin injin yana rawa a ƙarƙashinsa. Da ya karya kwanar layinsu ya rage gudu sosai don a ji shi da kyau.

Baba yana kan kujera a bakin ƙofa, bargo a gwiwa, ya rame fiye da yadda Auta ya bar shi shekaranjiya. Yaya na tsaye a bayansa da faranti a rufe. Auta ya tsaya daidai gabansu, ya bar injin yana aiki.

Tsohon ya karkata kai. Ya daɗe yana saurare, leɓɓansa suna motsi kamar mai bin ƙidayar bugun. Sannan ya girgiza kai.

"Wannan ba tawa ba ce," ya ce wa Yaya. "Nas, ki ce masa ya yi gaba, zai tare wa yarona wuri."

Yaya ta kawar da fuska. Ba sauran abin da Auta zai gwada. Ya kai hannu kan makulli, ƙafarsa kuma, ba tare da ta shawarce shi ba, ta zuga totur sau biyu. Injin ya yi shiru.

Baba ya yunƙura har bargon ya zame ƙasa.

"Kai Auta! Sau nawa zan hana ka wannan shirmen? Motar mutane ma da ka aro ba za ka bari ba?" Ya juya wajen Yaya yana huci. "Yaron nan ba ya jin magana. Buɗe masa. Ke kuma miƙo abincin nan, ya sa na zauna da yunwa."

Auta ya fito, ya durƙusa ya ɗauki bargon ya mayar masa a gwiwa.

"Yi haƙuri, Baba, na daina," ya ce, yana karɓar farantin daga hannun Yaya. Gobe ma sau biyu zai taka.