Katakon Saman Ƙofa

"A'a, ba wannan ba," in ji Baba Usumanu, yana nuni da sanda. "Wancan baƙin, na saman ƙofa."

Ina riƙe da hannunsa a gaban tsohon gidan gonar da ke bayan unguwarmu a Bukuru. Turawan kuza ne suka gina shi da ginshiƙan katako. Mahaifinsa ya yi musu kiwon shanu, kuma a ciki aka haife shi, a ciki ya tsufa. Da hukuma ta sa gidan cikin kayan tarihi aka fara gyara, sai Babanmu ya ba shi ɗaki, don ba shi da kowa.

"Jannatu, ke kika yi jami'a. Ki gaya wa madam ɗin nan, in na mutu da shi za a rufe ni."

Itacen da ake jerawa a kabari kafin a zuba ƙasa yake nufi. Ni ko gaisuwa da ƙyar ake jin muryata, amma na je.

Madam Adaeze, mai kula da aikin, ta saurare ni har na gama.

"Ƙanwata, ko ƙusa ban isa in bayar ba. Gyara shi za mu yi, mu mayar wurinsa. Zai ƙara shekara ɗari."

Da na faɗa wa Baba Usumanu, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"To, ya fi ni sa'a. Ni wa zai gyara?"

Bai sake zancen ba. Ya dai daina cewa a kai shi can, kunu ma sai Inna ta yi faɗa yake kurɓa.

Ranar Talata da hantsi ya rasu. Ana cikin yi masa wanka aka yi sallama. Mwadkon ne, kafintan aikin, yana turo baro da guntayen baƙin katakon nan a ciki.

"Madam ya ce a kawo. Bakin da gara ya ci ne muka yanke. Sannu fa, Oga."

Babanmu ya auna guntayen da kamu, ya ce:

"Ba za su haye kabari ba. Sun yi gajarta."

Mwadkon ya cire hularsa. Da aka ɗaga makara, Babanmu ya sunkuya ya ɗauki guda, ya sa a hammata.

"Za mu toshe tsakanin itatuwa da shi, ta wajen kai."

Mu mata a zaure muke tsayawa. Na bi bayansa da kallo har kwanar masallaci, garin katako yana zuba a kan farar rigarsa.