Layi Bakwai a Jikin Kwalba

Tun da ciwon mantuwa ya kama Malam Audu tela, gidansa na Gyadi-Gyadi bai ƙara ganin kwanciyar hankali ba. Mantuwar ma da sauƙi. Tsoro ne ya gagari kowa: ya ƙudurta a ransa soja na zuwa ƙwace masa keken ɗinki, kullum yana bakin ƙofa riƙe da almakashi. Ranar da ya yanki matarsa Inna Kande a hannu, 'yarsa Safiyyah, nas a asibitin koyarwa, ta kai shi wurin likita.

Likita ya rubuta maganin ɗigawa, garau kamar ruwa, ba ɗanɗano. Ya ce, "Ɗigo goma a rana, kar a ƙara. Jikin tsoho ba ya ɗaukar wannan magani da yawa."

Sai dai wanta Falalu, mai shagon taya, wanda duk abin da bai sani ba ƙarya ne a wurinsa, ya ce atafau.

"Maganin mahaukata? Ubanmu? So kike unguwa ta ji?"

"Yaya, Inna fa ya yanka."

"Rubutu za a karɓo masa."

Shi ma Baban duk abin da aka ba shi tofarwa yake, ya ce guba ce. Amma rubutu kam da hannu biyu yake karɓa, ya yi bismilla ya shanye.

Nan dabara ta faɗo wa Safiyyah, irin dabarar mai ilimin da ya gaji da gardama. A Tarauni take aure, ga aiki, ba kullum take samun leƙowa ba. Ta ɗauki kwalabe biyu na rubutun da aka karɓo daga wurin malami, ta zuba maganin mako guda a kowace, ta manna filasta ta ja layi bakwai da biro.

"Inna, layi ɗaya a rana. Haka malamin ya ce."

Ta yi wa malami ƙarya, ta yi wa uwarta ƙarya, kuma ranta bai daina suya ba har ta isa gida.

Kwana biyu Baba ya ajiye almakashi, har ya tambayi Inna me ya same ta a hannu. Falalu ya bi majalisa yana baza labarin rubutu ya yi aiki, sai ka rantse shi ya wanke allon.

Ranar Asabar soja suka miƙa mulki. Kowane gida rediyo a buɗe, badujala na tashi, ana harba bindigogin bankwana. Baba ya zabura. "Sun iso!" Ya rungume kekensa yana ihu, yana kai duka. Falalu ya ɗauko kwalba. Inna ta ce an ce layi ɗaya.

"Haba Inna, rubutu yana yi wa mutum yawa ne?"

Ya ɗura masa sauran layi biyar ɗin.

Washegari da Safiyyah ta zo, ta tarar da ubanta a sandare, miyau na zuba, ƙirjinsa na kurari. Ashe Inna ta ba shi kunu ya shaƙe, ya bi masa ta huhu. Safiyyah ta dubi kwalbar, wayam. Kwana huɗu ya yi a asibiti, ya cika.

A zaman makoki mata sai sambarka suke, wai ya tafi a natse, albarkar rubutu. Safiyyah ta sunkuyar da kai. Ta yanke shawarar za ta mutu da maganar a cikinta, ta zubar da kwalba ta biyu a rufe zancen. Ta tashi ta leƙa bayan keken ɗinki inda ta ajiye ta. Babu.

"Inna, ina ɗaya kwalbar?"

"Yayanki ya ba Saratu ta Unguwa Uku da safe. Tsohuwarta ma ta rikice. Ya ce kar ta yi mata rowa, ta ba ta ta sha sosai."

Ko takalmi Safiyyah ba ta saka ba. Ta fita ƙofar gida, inda maza suka cika tabarmi, liman na tsakiyarsu, Falalu na karɓar gaisuwa. Kowa ya ɗago yana kallonta.

"Yaya, tashi ka kai ni gidan Saratu yanzu."

"Ke lafiya? A gaban mutane?"

"Ba rubutu kaɗai ba ne a kwalbar," in ji ta. "Da maganin asibiti. Ni na zuba. Shi ka ɗura wa Baba."