Komar da Ba Ta Bushe Ba

Da hantsi na ga abin, a tafkin kifi na kawuna Boubacar da ke bakin gulbi wajen Saga. Wata tarwaɗa ta taso tana juyawa a hankali, bayanta lulluɓe da farin gashi kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Da na duba sosai, sai na ga ba ita kaɗai ba ce. A jami'a an taɓa nuna mana wannan fumfunar ruwa, aka ce danginta ne ke ruɓar da saiwar tumatir. A lokacin sha'awa ta ba ni. Yau kuwa sai na tuna da komar kamun kifi.

Masu kiwon kifi na wannan gaɓa koma ɗaya gare su. Wanda ya gama ja yakan miƙa wa na gaba.

"Kawu, ina koma?"

"Isaka ya aiko an ɗauka."

"A jiƙe?"

"A ina ka taɓa ganin busasshiyar koma, malam likitan kifi?" Sai idonsa ya faɗa kan tarwaɗar, fara'arsa ta ɗauke. "Zubairu, ka riƙe bakinka. In zancen nan ya kai kasuwar Wadata, babu macen da za ta sake sayen kifinmu."

A tafkin Isaka iyayen kifi suke, waɗanda duk gaɓar ke samun iri daga ƙwansu, kuma ƙwai ne abin da fumfunar ta fi saurin cinyewa. Na kira wayarsa, tana kashe. Na ratsa lambuna da gudu, zuciyata na nuna mini ƙwayoyin da ido ba ya gani maƙale a kowane ƙulli na zaren komar.

Na iske dattijon cikin ruwa har ƙugu, komar a hannunsa.

"Baba Isaka, kada ka ja! Kifinmu na da cuta, kuma komar ta taɓa su."

"Kai, ɗan jami'a, dorina ce ta koro ka?" Ya dubi fuskata, dariyarsa ta tsaya. "Ai tun ɗazu nake ja. Har na tsame manyan matan kifin na tatsi ƙwai."

Na shiga rumfar ƙyanƙyasa. Ƙwan na shimfiɗe a kan raga cikin ruwa garau, suna sheƙi, babu aibu ko kaɗan. Na san haka sukan kasance a ranar farko, ko da cutar ta kama su.

Isaka ya tsaya a bayana, ruwa na ɗiga daga wandonsa.

"Lafiya suke, ko ɗana?"

"Ban sani ba, Baba. Sai mun jira."