Sha Tara Ɗin Assunta

Farfesa Lorusso ya ajiye biro a kan ɗan littafin makin Assunta, ya ce iyakar abin da zai iya ba ta sha tara ne cikin talatin. Ko ta karɓa ya sa hannu, ko ta ƙi ta dawo a Fabrairu.

Wannan ne zuwanta na uku a kan kwas ɗin kimiyyar haɗa magunguna. A Fabrairun da ya wuce ya ba ta ashirin da biyar, ta ƙi. A Yuni ashirin da uku, nan ma ta ƙi, har tana ɗaga kai. Garin neman gira ga shi tana shirin rasa ido, don in ta sake ƙi yau, ba ta cikin masu kammalawa a Nuwamba, kuma wannan kwas ɗin kaɗai ya rage mata.

Ba don kanta take ƙi ba. Babanta Cosimo wanzami ne a ƙauyensu kusa da birnin Lecce, kuma duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya ji cewa 'yarsa ba ta taɓa samun ƙasa da ashirin da takwas ba. Mutum da kumfar aski a fuska ba shi da hanyar gudu. Shekara huɗu maganar gaskiya ce, kuma nauyinta a wuyan Assunta yake.

Farfesan ya buɗe shafukan baya, ya ga jerin talatin-talatin, ya girgiza kai.

"'Yata, duk zuwan da kika yi sai kin fi na baya tsoro. Karatun kin sani, bakinki ne ya daina yarda da ke. In kin dawo Fabrairu, ina jin ko sha takwas, mafi ƙarancin makin ci, ba za ki kai ba."

Ɗaliban da ke jiran layi a bayanta duk suna ji. Ta ji kunya ƙwarai, amma gajiyar ta fi kunyar yawa. Ta ce ya rubuta.

A bakin matakala ta kira gida. Tana jin ƙarar almakashi da surutun mutane, sai Cosimo ya ce ta dakata ya fito waje. Ta gaya masa ta gama, a Nuwamba za a ɗora mata rawanin ganye na masu kammala digiri. Ya yi murna sosai. Sannan ya tambayi makin.

"Sha tara, Baba."

Wani babur ya wuce ta gefensa.

"To, ba komai, 'yar Baba," in ji shi a hankali. "In an tambaya a shago, ashirin da tara zan ce. Ke ma ki riƙe haka, kin ji?"

Assunta ta ce ta ji.