Hanyar Ɗakinta

Sau uku mai shagon yana rufe shafin yana sake buɗewa, rubutun yana nan a sama: "Baba, ka sha maganinka kafin ka fara faɗa da masu kawo kaya."

'Yarsa ce ta gina wa shagon shafin intanet. Wata biyu ke nan da rasuwarta. Injiniyan da ya ɗauka ya sake shafin tun makon jiya, kowa sabon yake gani, ban da tsohuwar kwamfutar kan teburinsa. Jiya har kwanan watan da ke ƙasan saƙon ya canza. Bai gaya wa matarsa ba.

"Injiniya, faɗa min gaskiya. Ni ne na fara zautuwa?"

Injiniyan ya ja kujera, ya daɗe yana dannawa.

"Lafiyarka lau, Baba. 'Yarka ta taɓa sa shafin ya gaya wa kwamfutar nan cewa akwai wata ƙofa, ta riƙa bi ta can. Kwamfuta kuwa in an gaya mata haka, riƙewa take yi har wa'adin ya cika. Kwana talatin ta sa. Amma duk ranar da ka buɗe, ƙofar tana sabunta wa'adin."

"Ƙofar tana ina?"

"Wata 'yar na'ura ce. A kunne take har yanzu, shi ya sa take amsawa. Ga alama a gidanka take."

Mai shagon ya dafa tebur. Tun ranar rasuwarta ba wanda ya shiga ɗakinta. Da asuba yakan ga wani koren haske ta ƙasan ƙofar, sai ya kau da kai.

"In aka kashe ta fa?"

"Sai kwamfutar ta koma sabon shafi, kamar ta kowa."

Ya zaro waya, ya kira gida. Yau ne matarsa ta ce za ta daure ta share ɗakin.

"Hajiya, don Allah kar ki taɓa soket ɗin ɗakinta."



"Na cire duka tun ɗazu," in ji ta. "Wani abu ne ke ta ƙifta min ido a ƙarƙashin gado. Lafiya?"

"Lafiya."

Rubutun yana nan a allon, na buɗewar ƙarshe. Injiniyan ya miƙa hannu zai gwada sake buɗe shafin.

Mai shagon ya riƙe masa wuyan hannu.

"Bar shi. Bari in sha maganin tukuna."