Naman Taron Rage Hayaƙi

Rabilu ya sake girgiza tukunyar gas ɗin, ya kara kunne, babu ko motsi a ciki. Ga ragon da ya yanka da safe a rataye, ga rana ta take a tashar Dogon Dutsi. In bai gasa shi kafin la'asar ba, ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci.

Tun da aka hana saran itace a daji don rage hayaƙin da aka ce yana ɗumama duniya, masu gashi na tasha suka koma gas. Rabilu bai yi gardama ba. Abin da ya kasa ganewa shi ne yadda ƴar wutar balangunsa ta gagari duniya guda. Masu saye suka ragu, wai naman ya yi lami. Sallau da ke kawo masa itace ya sayar da jakinsa ya tafi ci-rani. Yanzu kuma motar da ke kawo gas daga Dosso ta ƙi zuwa.

Yana cikin wannan takaici sai ga farar mota. Mukhtar ne, wanda ake ce wa Mushe, wato Malam da Faransanci, jami'in shirin da ya raba musu tukwanen gas. Ya bar injin a kunne kada sanyin cikin motar ya gudu, ya zo ya zauna a bencin masu cin nama. Ya ce yau ake rufe taron rage hayaƙi, baƙi sun zo daga Yamai, ragon duka yake so. Har Rabilu ya fara hamdala.

"Amma don Allah, Malam Rabilu, a yi muna irin na da, na icce. Baƙin ga sun ce na gas bai da ƙanshi."

Rabilu ya kalle shi. Haushi ya hana shi dariya.

"Mushe, ku kunka hana icce. Ina za ni samo shi?"

Mukhtar ya ce mai sana'a ba ya rasa dabara, shi dai kada a ce daga bakinsa aka ji. Ya ciro waya ya shiga latse-latse.

Ƙudaje sun fara taruwa a cinyar ragon. Rabilu ya kore su, ya sunkuya ya ɗauki gatarin sara ƙashi.

"To, tashi, Mushe."

"In tashi in tai ina?"

"Inda duk kaka so. Bencin za ni hwaskarewa."